Yaro da Dabbobin Ƙasarsa: Tarihin Sanin Halitta a Arewacin Zamfara

Ƙasar da ke tsakanin Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi ƙasa ce ta gulabe biyu. Bunsuru ya bi ta ƙasar Zurmi, Gagare kuwa ya bi ta gefen Ƙaura, dukansu suka nufi arewa maso yamma suka juye ruwansu cikin Rima. Tsakaninsu akwai jigawa ta gero da fadama ta shinkafa, daga gabas kuma daji ne wanda ya miƙa har ya haɗu da dajin Rugu na ƙasar Katsina. Yaron da ya tashi a wannan ƙasa shekara ɗari da suka wuce, kafin ya isa aure ya kan riƙe sunayen tsuntsaye da namun daji da ƙwari masu yawan gaske, ba kuwa don wani ya zaunar da shi ya biya masa ba. Nufin wannan takarda shi ne ta bi sawun wannan sani: ta wace ƙofa ya ke shiga kan yaro a da, su wa suka fara sa shi a takarda, me makarantar boko ta yi da shi, kuma me ya rage a hannu. Maganar ta shafi masanin harshe kamar yadda ta shafi malamin makaranta, don kuwa sunan dabba ba ya daɗewa a bakin mutane bayan idonsu ya daina ganinta.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, kallon da yaron ƙauye ke yi wa dabba kallo ne na aiki da na ciki da na tsoro. In gero ya fara nuna, a kan ɗora shi bisa rumfa a tsakiyar gona, da majajjawa a hannu, tun fitowar rana har faɗuwarta. Wanda ya yi wannan zama na mako uku ba ya bukatar a gaya masa bambancin jan baki, mai zuwa garke guda kamar hayaƙi ya share zangarniya, da cilakowa wadda ba ruwanta da hatsin, ƙwaro ta ke nema. In an bar shi tsaron 'yan tsaki, dole ya san inuwar shirwa daga ta ungulu. In ya bi awaki zuwa daji ya ga carki bisa bayan saniya, da ramin kurege, da ƙayar beguwa a yashe, da sawun yanyawa a kan rairayi. Sha'anin macizai kuwa sha'anin rai ne: kububuwa ƙarama ce amma cizonta ya kan sa jini ya ƙi tsayawa, kasa ba ta gudu sai an taka ta, gamsheƙa kuma ido ta ke tofa wa dafi. Uba ba ya jiran yaro ya tambaya kafin ya nuna masa waɗannan. 'Yan mata su ma suna da nasu fannin, wanda masu rubutu suka cika mantawa da shi. Su ke tara shinge a ƙwarya daren da aka yi ruwan fari, su ke fita kamun fara da sanyin asuba tun fukafukinta bai bushe ba, su ne kuma suka san wace ce ta ci, wace ce babe mai wari da ba a taɓawa.

Sa'an nan dabbobin nan su ne kalandar manomi. Babu misalin da ya fi na shamuwa. Tsuntsuwa ce baƙa mai farin ciki, wadda ke isowa ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa bisa manyan itatuwa a tsakiyar gari, ta yi ƙwai, ta yi renon 'ya'yanta da fara da sauran ƙwari, in kaka ta yi ta ɓace. Yanzu an san inda ta ke zuwa: ta kan ƙetare tsakiyar Afirka ta bi damina zuwa gabashi da kudancin nahiyar, ta komo in shekara ta kewayo. Mutanen da ba su san wannan hanya ba, amma sun san lokacin, sun kuma hana yara jifarta, har ya zama garin da shamuwa ke sauka ana ganinsa da albarka. Yaron da aka kwaɓe shi a kan shamuwa, aka kuma ƙyale shi a kan kurciya, ya koyi darasi biyu a lokaci guda, na halitta da na doka. Haka kuma yaron fadamar Shinkafi ya san cewa in tabki ya ƙafe gaiwa ba mutuwa ta ke yi ba, laka ta ke shiga ta naɗe kanta har ruwa ya dawo, ya kuma san inda za a sa fartanya a tono ta da rani. Masanan Turai sun sha mamakin wannan kifi mai huhu cikin ƙarni na goma sha tara. A fadama kuwa abin miya ne.

Ana yawan cewa tatsuniya ce makarantar farko ta sanin dabbobi. Maganar tana da gaskiya, amma gaskiyar ba ta kai yadda a ke zato ba. Tatsuniya tana sa sunaye a kunnen yaro tun bai iya tafiya daji ba: kura, da zaki, da dila malamin daji, da gizo da matarsa ƙoƙi. To, amma kurar tatsuniya mutum ce sanye da fatar kura. Abin da yaro zai koya daga gare ta shi ne sakamakon kwaɗayi da wauta; ba zai koyi inda ta ke kwana ko yadda sawunta ya ke ba. Makarantar allo ita ma ta ba da nata rabo, gama almajiri na biya surori masu sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa, yana kuma jin labarin alhudahuda da Annabi Sulaimanu, sa'an nan ya fita ya ga tsuntsun da tukkunsa yana caccakar ƙasa a bayan gari. Inda ainihin lura ta taru ƙwarai shi ne kirari da karin magana. Wanda ya fara ce wa balbela "ci da motsin wani" lalle ya daɗe yana kallonta tana bin ƙafar shanu tana cafke ƙwarin da suka tayar, kuma babu littafin kimiyyar da ya faɗi hanyar cin abincinta a taƙaice fiye da haka. Wannan dabara ce ta kai balbela nesa, don ta ƙetare tekun Atlantika da kanta a ƙarshen ƙarni na goma sha tara, yau ga ta tana bin shanun Amurka.

Kirarin hankaka ya isa a tsaya a kansa. Kowane yaro ya san "hankaka mai da ɗan wani naka", kuma mutane da yawa sun ɗauka cewa hankaka ba ya haihuwar nasa, na wasu tsuntsaye ya ke ɗaukowa ya rena. Ɗan boko na farko ya kan yi wa wannan dariya, ya ce camfi ne, tun da ya ke hankaka na yin ƙwai kamar kowane tsuntsu. Cikin shekarun 1970 wasu Turawa biyu, P. J. Mundy da A. W. Cook, suka yi ta hawa itatuwa a kewayen Sakkwato suna leƙa sheƙunan hankaka, suka buga abin da suka gani cikin 1977. Sun tarar da cewa akwai wani tsuntsu mai dogon wutsiya da tukku da ɗigo-ɗigon fari a fukafukai, daga cikin dangin da Turawa ke kira kuku, wanda ba ya yin sheƙa, sai ya faki ido ya saka ƙwansa cikin ta hankaka. Hankaka ya kwanta a kai, ya ƙyanƙyashe, ya ciyar da baƙon tare da nasa. Ashe dai akwai ɗan wani a cikin sheƙar. Mai yiwuwa ne ƙwarai wani yaro mai hawan itace ne ya fara ganin ɗan tsuntsun da bai yi kama da hankaka ba a bakin hankaka, ya sauko da labari. Ganin da ya yi daidai ne, fassarar ce ta karkace, aka mai da wanda aka cuta ya zama ɓarawo. Wannan shi ne halin yawancin sanin gargajiya game da dabbobi, kuma malamin da ya yar da kirarin dungum saboda fassararsa ya yar da shaidar da ke ciki.

Ta fuskar harshe sunayen nan sun kasu gida biyu. Akwai tsofaffi waɗanda ba a iya fasa su a ga abin da ke ciki, kamar zomo, damo, guza, gada, burtu, zalɓe, yautai, bodari. Akwai kuma harɗaɗɗu, waɗanda kowannensu ɗan gajeren bayani ne: babba da jaka, saboda jakar da ke reto a wuyansa, ragon maza, tsuntsun da ya fi son ya sulale cikin ciyawa da ya tashi sama, jan baki, raƙumin dawa, karen ruwa, mugun dawa, inda aka kauce wa kiran alade da sunansa. Na biyun nan su ne ke nuna zamanin da aka raɗa su. Malam buɗe littafi ba zai girmi zuwan littafi ƙasar Hausa ba, kuma da ganin sunan an san idon almajiri ne ya ga fukafukai suna buɗewa suna rufewa kamar shafi. Alhudahuda ya shigo daga Larabci da "al" ɗinsa a manne, kamar alƙali da alkama. Ga kuma bambancin karin harshe. Bazamfare hwara ya ke cewa, da hwakara inda wasu ke cewa makwarwa, da kusu inda Bakano ke cewa ɓera, da mussa a maimakon kyanwa. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma za a ga nauyinsa in an zo maganar littattafan makaranta.

Baƙin da suka fara rubuta labarin wannan yanki da baƙaƙen boko ba dabbobin gida suka zo nema ba. Clapperton ya bi ta Zurmi cikin 1824 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Barth ya biyo cikin watan Maris 1853, ya sauka Zurmi da Badarawa ta ƙasar Shinkafi, kafin ya ratsa dajin Gundumi da tafiyar yini da kwana ba hutawa, don tsoron mayaƙan Gobir. Mutumin da ke sauri haka ba ya tsayawa tambayar sunan ƙadangare. Na farkon da tsuntsaye ne sana'arsa shi ne Ernst Hartert, wani saurayi Bajamushe wanda ya ratsa Zamfara tare da Paul Staudinger cikin tafiyarsu ta 1885 zuwa 1886, daga baya ya shugabanci gidan ajiyar tsuntsaye na Rothschild a Tring ta Ingila daga 1892 zuwa 1930. Irin aikinsu shi ne a harbe tsuntsu, a feɗe, a cusa auduga, a raɗa masa sunan Latin. Wanda ya nuna musu inda tsuntsun ya ke, maharbi ne ko yaro, da wuya sunansa ya shiga littafi.

Masu ƙamus su ne suka yi wa sunayen Hausa adalci. Schön ya buga nasa cikin 1876, bayan ya yi aiki da Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Turai. Robinson ya biyo cikin 1899 da 1900. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, daga 1911 zuwa 1913, kuma da yawa daga abin da ke ciki malaman Lardin Sakkwato ne suka rubuta da ajami. Likita Dalziel ya tara sunayen itatuwa da tsire-tsire cikin 1916. Amma babban rumbun shi ne ƙamus na Bargery na 1934, mai kalmomi wajen 39,000, wanda ya kan nuna ko kalma ta Sakkwato ce ko ta Katsina ko ta Gobir. Duk wanda ya buɗe shi ya bi sunayen tsuntsaye da fara da tururuwa zai ga yawan da zai ba shi kunya. Sai dai fa ƙamus kabari ne mai kyau ga kalma in babu mai furta ta, kuma an yi shi ne don Bature mai koyon Hausa.

A cikin waɗannan shekaru ƙasar kanta tana sakewa. Turawa sun ci Sakkwato cikin 1903. Cikin 1916 aka kafa dokar kare namun daji, cikin 1919 kuma aka keɓe dajin gabas ya zama Gandun Dajin Zamfara, aka bar ƙauyuka huɗu a cikinsa kamar tsibirai, watau Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja. Shekara goma bayan haka, cikin 1929, hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Gusau ta tsaya Ƙauran Namoda, garin ya zama tashar gyaɗa da auduga. Noman sayarwa ya ci saura da kurmi, manyan namun daji suka ja da baya zuwa gandu, inda ɗan talaka ba shi da izinin farauta. Gwanki da kanki da ɓauna suka fara komawa sunayen da yaro ke ji a bakin kaka da maharba. Ƙananan kuwa, irin su gafiya da kurege da kurciya da jan baki, noma ƙara su ya yi. Har makamin yaro ya sake, don danƙon harbin tsuntsu bai samu ba sai da mota ta kawo tsohuwar roba.

Makarantar boko ta shigo da niyya mai kyau a takarda. Bayan rahotannin hukumar Phelps-Stokes, gwamnatin Ingila ta fitar da takardar manufa cikin 1925 wadda ta ce a daidaita ilmi da zaman mutanen ƙasa, a ba aikin gona da lafiyar jiki muhimmanci. Saboda haka makarantun elementare na En'e suka sami darasin nazarin halitta da lambun makaranta, da Hausa kuma a ke koyarwa. Malaman wannan yanki da dama sun fito ne daga kwalejin horon malamai ta Maru, inda Malam Aminu Kano ya koyar cikin 1949 da 1950. Amma akwai aibi biyu a cikin tsarin. Na ɗaya, sa'o'in da yaro ke zaune a aji su ne sa'o'in da a da ya ke bin awaki, watau an ɗauke shi daga wurin dabbar don a ba shi labarinta. Na biyu, jarrabawa ba ta iya auna gani, sai hadda. Yaron da zai iya bin sawun damo har raminsa ya kan faɗi, wanda ya haddace cewa ƙwaro ƙafa shida gare shi ya ci, ko da bai taɓa juya buzuzu ya ƙirga ba. Ga shi kuma littattafan da Hausar Kano da Zariya aka rubuta su, har yaron Zurmi ya fara jin cewa hwakarar ubansa kuskure ce da za a gyara da jan alƙalami.

Duk da haka zamanin ya haifi littafi guda wanda ya cancanci a tuna da shi. A ƙarshen shekarun 1940 Dokta R. M. East da Malam Abubakar Imam, waɗanda suka riga suka yi aiki tare a ofishin talifi na Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, suka fara fitar da Ikon Allah, labarin halitta iri iri da Hausa tsantsa, aka kuma karanta shi a makarantun Jihar Arewa shekara da shekaru. Hikimar tana cikin sunan. Uban da ke ganin boko hanyar ɓata ce ba shi da abin cewa ga littafin da ya kira duban tururuwa duban ikon Mahalicci, tun da ya ke malaman zaure ma haka suka ce. Littafin ya tabbatar da cewa Hausa na iya ɗaukar bayanin kimiyya ba tare da ta yi aron kowace kalma ba. Abin takaici shi ne ba a yi masa ƙane ba, watau ɗan littafin aljihu mai hotuna wanda zai ce ga tsuntsayen Lardin Sakkwato, ga sunan kowane a Zurmi da Isa da Argungu.

Irin wannan littafi ya fito, amma da Turanci. Tun 1930 aka kafa ƙungiyar masu sha'awar halitta ta Nijeriya, mai mujallar The Nigerian Field, wadda yawancin 'ya'yanta a farko ma'aikatan Turawa ne. Bannerman ya rubuta tsuntsayen Afirka ta Yamma cikin juzu'i takwas daga 1930 zuwa 1951, aikin da ba ya shiga jakar ɗan makaranta. Sai cikin 1960 J. H. Elgood na Jami'ar Ibadan ya fitar da ƙaramin littafi a kan tsuntsayen gari da lambu, bisa ra'ayin cewa mai koyo ya fara da abin da ke sauka a tsakar gidansa kafin ya nemi na dawa. Ra'ayin daidai ne, shi ne kuma abin da kakar yaro ke yi tun fil azal, amma harshen littafin ya tsare shi a sakandare.

Daga nan abubuwa suka taru. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun ƙafar da tabkuna, suka kashe itatuwa. Shirin ilmin firamare ga kowa ya buɗe cikin 1976, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda malamai za su iya, fita da su bayan gari ya zama abin da ba a ko tunani. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da harshen uwa a shekarun farko, amma littafin kimiyya da Turanci ya ke zuwa, da hotunan dabbobin da ba a taɓa gani a Zamfara ba. Kalmomi suka fara haɗiye juna: tsuntsu ya cinye suda da tsirya da kabare, ƙwaro ya cinye zanzaro da maƙesu, damo da guza da tsari suka zama abu guda a bakin ɗan birni. Wasu kuma dabbar ce ta tafi. Gauraka, wanda a da ke yawo a fadamu har a ke kiwonsa a gidajen sarauta, ya kusa ƙarewa a Nijeriya. Ungulu, wadda ba a taɓa raba ta da mahauta ba, an shigar da ita cikin jerin tsuntsayen da ke bakin halaka a duniya cikin 2015, saboda guba da cinikin sassan jikinta don magani. Yaro na iya haddace cewa ungulu ba ta jewar banza, alhali bai taɓa ganin jewar ba, karin maganar ya zama ƙwarya ba hura.

Na ƙarshe kuma mafi muni shi ne rufewar dajin kansa. Tun daga wajen 2011 ta'addancin 'yan bindiga ya mamaye Zamfara, kuma Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda na cikin wuraren da abin ya fi ci. Dumburum, wadda a da sunan ƙauye ne a cikin gandu, ta zama sunan da a ke ji cikin labarin hari. Cikin 2021 gwamnatin jihar ta rufe makarantu da kasuwannin mako-mako na wani lokaci, har da babbar kasuwar Alhamis ta Shinkafi. Iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu sun tare a manyan garuruwa. Ba a tura yaro kiwo nesa, ba a barinsa shi kaɗai bisa rumfar gona, farautar rani ta samari ta zama kasada. Ƙofar da sanin ya bi shekaru aru-aru, ita ce ƙofar aiki a daji, ta kusa rufewa, kuma wannan ya faru cikin rayuwar yaro guda. Malamin da ya ce wa ɗalibansa su fita dawa su duba halitta a irin wannan hali bai san inda ya ke ba.

Saboda haka ra'ayin nan na farawa da tsakar gida, wanda a 1960 zaɓi ne, yanzu shi ne abin da ya saura. Ba kuwa kaɗan ba ne. A cikin garin Ƙaura ko Shinkafi, ba tare da an ƙetare ganuwa ba, akwai ƙadangare mai jan kai bisa katanga, da tsaka a bango da dare, da kulɓa a gindin randa, da jaɓa, da jemagu masu fita da magariba, da tsattsewa, da gwara, da hasbiya, da kurciya iri fiye da ɗaya, da balbela mai komawa makwancinta layi-layi da yamma, da hankaka, da mujiya a tsohon gini, da zanzaro mai ginin laka a kusurwar ɗaki, da shamuwa in lokacinta ya yi. Ga kuma abin da garin bai taɓa samu da yawa haka ba, watau tsofaffin ƙauye, maza da mata, da maharba da makiyaya, waɗanda gudun hijira ya zaunar da su ba aikin yi, da sunayen nan duka a kansu. A waje ɗaya kuma akwai masu neman irin wannan labari. Gidauniyar kiyaye halitta ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1980, ta daɗe tana kafa ƙungiyoyi a makarantu. Cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke Jos ta ɗauki nauyin aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya dogara ga 'yan sa kai masu rubuta abin da suka gani a inda su ke, har samarin Arewa suka kafa tasu tawaga a ciki.

Abin da wannan tarihi ke nuna wa kwalejin horon malamai shi ne inda aka yi kuskure a karon farko, lokacin da aka ɗauka cewa sanin yana cikin littafi, yaro da iyayensa kuwa su ne marasa shi. Aikin da ya dace da aji uku ko huɗu ba ya bukatar kuɗi. A ba yaro littafin rubutu guda, ya rubuta abin da ya gani tsakanin gida da makaranta, da ranar, da wurin, da abin da dabbar ke yi. Sunan kuwa ya tambayo a gida, ya rubuta shi yadda aka faɗa masa, hwara ko fara, kada malam ya taɓa shi da jan alƙalami. Sai a rubuta na daidaitacciyar Hausa a gefe, in akwai. In yara biyu suka zo da suna biyu ga tsuntsu guda, a rubuta duka biyun da garin da kakar kowannensu ta fito, gama wannan shi ne irin bayanin da Bargery ya yi shekaru yana yawo yana nema. In aka zo da kirari ko camfi, a rubuta shi a shafi na hagu, a bar na dama don abin da ido zai gani, kamar yadda aka yi da hankaka. Shafin farko na kowace shekara kuma a keɓe shi ga abu ɗaya: ranar da aka fara ganin shamuwa a garin, da itacen da ta sauka, da yawan sheƙunan da aka ƙirga a kansa.